Tagar da Littafi Ya Sa Na Huda

Jiya da hantsi na dawo daga layin mai, ina tura babur ɗina da hannu tun da ko ɗigo ban samu ba, sai na tarar da wani bawan Allah riƙe da gwangwanin jan fenti yana zabga wa bangon gidana alama. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Kallon da ta yi mini ya ishe ni gane cewa an riga an gama shari'a, ni ne mai laifi.

Bari ku ji mafarin abin. Kwanakin baya aka tara mu a babban ɗakin taro, wai Mai Girma Babban Mai Yanke Ƙyalle zai ƙaddamar da littafi kan gidajen da ba sa shan wutar lantarki kuma ba sa ɓata muhalli. Allah ya ja da ransa, ya zo da motoci har titi ya cika, kowacce an bar injinta a kunne don kada kujera ta ɗauki zafi kafin ya fito. A bayan ɗakin kuma ga wani janareta kamar gidan kansa, hayaƙinsa ya sa muna tafi muna tari. Ya yi mana nasiha mai ratsa jiki cewa mu rage amfani da wuta. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya raɗa mini cewa ai mun riga shi, tun bara unguwarmu ta daina amfani da ita gaba ɗaya.

Littafin kuwa, tsakani da Allah, ba shi da laifi. In ka yi haƙuri ka wuce hotunan Mai Girma yana dasa bishiya da farin takalmi, za ka iske magana mai amfani. An ce mutum ya shafa wa kwanon rufi farin fenti, ya kuma huda taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa ɗaki. Ni ko ina da tsohuwa a gida. Ɗakin Inna in rana ta take sai ya koma tanderu, ka same ta ta jiƙa zani ta lulluɓa tana numfashi da ƙyar, ga likita ya ce zafi ne ke tayar mata da hawan jini. Na kira magini ya huda taga ta biyu. Ranar nan Inna ta yi barcin rana irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, ta farka tana ta sa mini albarka.

To, wannan tagar ce mai jan fenti ya zo dominta. Ya ce daga ofishin duba gine-gine yake, wa ya ba ni izini? Na shiga da sauri na ɗauko littafin na miƙa masa. Ya buɗe, ya gyara tsayuwa da ya ga hoton Mai Girma, sannan ya mayar mini cikin ladabi.

"Malam, wannan na sashen muhalli ne," in ji shi. "Iska tasu ce, amma bango namu ne."

Ya ce ko in samo takardar izini, ko in toshe.

Na tafi ofishin nasu da rana tsaka. Sabon gini ne, gilashi tun daga ƙasa har sama, babu taga ko ɗaya da ke buɗuwa, don masu ilimi ne suka tsara shi. Babu wuta, babu man janareta, sai na iske ma'aikatan kaf a waje sun raɓe a inuwar katanga, don bishiyoyin harabar an sare su an yi wa motocin manya wuri. Kowa na fifita da littafin nan. Akawu ya ce takardar sai da kwamfuta, kwamfuta kuma sai an kawo wuta. Har na juya ya biyo ni, ya rage murya, ya tambaye ni ko da gaske tagar na kawo sanyi, kuma ina maginina yake zama.

Yau da safe mai jan fenti ya dawo, wai zai auna tagar ya rubuta rahoto. Inna tana zaune a ƙarƙashinta bisa tabarma.

"Shigo, ɗana," ta ce masa. "Amma ka gaya wa iyayen gidanka, wanda zai toshe ta sai ya fara ɗauke ni."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ciro igiyar awo, sai iska ta kaɗo. Ya ce bari ya ɗan zauna ya huta, tun asuba yake yawo a ƙafa, motar ofis ba mai. Inna ta sa aka kawo masa ruwa. Ya jingina da bango, biro a hannu.

Yanzu haka da nake muku rubutun nan yana can yana minshari. Uwargida ta ce in je in tashe shi. Na ce a'a, ni mai bin doka ne, ba zan katse wa ma'aikacin hukuma aiki yana tsaka da bincike ba.