Yadda Za Ka Zama Gwanin Hoto a Filinge Ba Tare da Ka Dubi Fuskar Kowa Ba

Kai da ka gaji da zama a fada, majalisar masu shan shayi, ana ba ka shayi na uku wanda ya riga ya salance, matso kusa. Na yi maka alkawari, idan ka bi matakan nan tara ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin a gama kai gero rumbu za a riƙa nuna ka da baki a tasha ana cewa ga gwanin hoto can. Ba sai kana da ido ba. Kunya kuwa ajiye ta a gida, nauyi kawai za ta yi maka. An gwada hanyar nan, kuma wanda ya gwada ta yana nan da ransa: Manzo, sakataren wani buro, wato ofis, a nan Filinge, mutumin da ya shekara huɗu yana hirar hoto, ya ɗauki na ɗan Adam sau ɗaya tak. Shi za mu bi sau da ƙafa.

Mataki na ɗaya: Rataya ta a wuya

Nemi kyamara baƙa mai dogon hanci. Ko tana aiki ko ba ta yi, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Manzo ya samo tasa ta hannu a Yamai, tun daga ranar kuwa ba a sake ganin ƙirjinsa ba ita. Bikin suna da ita, ɗaurin aure da ita, har gidan gaisuwar mutuwa ya shiga da ita sai da liman ya harare shi.

Kada ka kuskura ka buɗe murfin idonta. Idan aka ce ɗauke mu, ɗaga kai ka dubi sama, ka tsuke baki, ka ce haske bai yi ba. A Filinge fa! Garin da sirdin moto, wato babur, ke ƙona mutum tun hantsi. Kada ka damu, ba wanda zai musa maka, tunda kai ne mai kayan.

Mataki na biyu: Haddace kalma ɗaya

A can cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, sunansa kaftar. Wannan kalmar ita ce jarinka. Sa ta a kowace magana, ko ana zancen tsadar wake ne.

Amma ka kula, gwani ba ya yabon kaftar da ke hannunsa. Na baɗi ake yabo. Manzo kan gyara zama a fada, ya kurɓi shayi, ya ce, “Wanda za a hiddo baɗi, ko baƙar akuya ta shiga rumbu anka ruhe, sai ya gan ta. Na baɗin waccan kuwa, daga nan zai ƙirga ma gashin girar mai raƙumi a Tabla.” Mutane su yi ta salati. Daɗin abin da bai fito ba ke nan, ba a kama mutum da ƙarya a kansa.

Mataki na uku: Raina duk mai ɗauka da gaske

A kowane dangi akwai mai ɓata sana'a, wanda ke ɗaukar hoto kawai don an ce ya ɗauka. Na dangin Manzo ita ce Sakina, ɗiyar gwaggonsa, mai sayar da kwaɗon zogale a Tabla. Tana da wata tsohuwar portabul, wato wayar hannu, mai fasasshen gilashi, da ita ta ɗauke kowane biki na unguwarsu. Manzo na kiran hotunanta tabon miya, kuma ya faɗa a gaban kowa har tsofaffin gidan suka yarda.

Sakina ba ta bari. Taubashiyarsa ce, al'ada ta ba ta izinin cin mutuncinsa, tana kuwa amfani da izinin har ƙarshe. Da ta hango shi sai ta ce, “Ga mai layar ciwon wuya nan tahe! Manzo, wagga abu in ta haihu ka ba ni ɗiya guda.” Shi kuma ya ce da ita jahila, a yi dariya, a ci tuwo. Haka suke tun suna tsirara. Koyi da shi: duk abin da ya fito daga bakin irin wannan, ɗauke shi wasa.

Mataki na huɗu: Idan aikin gaske ya zo, ja shi

Wata rana za a zo maka da buƙatar da ba ta wasa ba. Kada ka firgita.

Gwaggon Manzo, uwar Sakina, sunanta Albarka. Tsohuwa ce da yanar ido ta fara rufe wa gani. Tana da wa, Habibu, wanda ya tafi cin rani Kumasi shekara arba'in da shida da suka wuce bai dawo ba. Uwarsu ta yi jinya ta rasu tana kiran sunansa, bai zo ba. Tun daga ranar Albarka ba ta ƙara furta sunan ba. Sai ga Alhaji Yahaya, mai kai raguna Kumasi daga kasuwar Baleyara, ya zo har gida da saƙo. Habibu ya ce ƙafafunsa sun mutu, ba ya iya zuwa. Ya ce, “In Albarka ta yahe mini, ta aiko min hotonta ga takarda, in riƙa da hannuna, in ga tsagar gidanmu.”

Tsagar Kurfayawa yake nufi, layi-layi daga gefen baki har zuwa kunne, wadda wanzami ɗaya ya yi musu shi da ita. Yanzu an daina yi wa yara. A gidan nan kaf, a fuskar Albarka kaɗai ta rage.

Kwana uku tsohuwar ta yi tana juya saƙon a ranta. A na huɗu ta aika aka kira Manzo. Sakina ta ce bari ta ɗauke ta yanzu-yanzu a huta, uwar ta ce a'a, abin da zai tafi har Kumasi ba da tabon miya za a yi shi ba. Ka ga amfanin mataki na uku ko?

To me gwani zai yi? Ya sosa ƙeya ya ce, “Gwaggo, kaftar ɗin wagga kyamara ya tsuhwa. Baƙar hwata ga inuwa ba ya iya ta. Ki ɗan yi haƙuri, akwai wanda ke tahe.” Ta yi haƙurin. Alhaji Yahaya ya je Kumasi ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kowane zuwa Habibu na tambaya, shi kuma yana cewa ana shiri.

Mataki na biyar: Koyi hannu a kan marasa baki

Kafin nan kada a ce ba ka aiki. Buɗe murfin ka ɗauki rumbu. Ɗauki jaki, ɗauki duwatsun bayan gari sau ɗari uku. Dutse bai taɓa cewa ba a fito da shi daidai ba, kuma ba shi da wa a Kumasi.

Mataki na shida: Rabu da mai faɗin gaskiya, nemi mai wayo

Wata biyar bayan saƙon, Manzo ya hau mota zuwa Yamai, ya rabu da baƙar kyamarar, ya dawo da sabuwar portabul mai ido uku a baya. Mai kanti ya ce masa megafiksal ɗari biyu ce, kuma tana da tunanin kanta. Ba ta tsayawa kan abin da ke gabanta, abin da ya kamata ya kasance take fitarwa. Ƙuraje ta share, tamoji ta goge, duhun fata ta wanke, duk kafin ka ɗauke yatsa.

Tsohuwar kyamarar, duk da tsufan kaftar ɗinta, abin da ta gani shi take faɗa. Wannan babban aibi ne a zamanin nan, kuma Manzo ya yi dabara da ya rabu da ita.

Mataki na bakwai: Dubi gilashi, kada ka dubi mutum

Ranar ɗauka, Gwaggo Albarka ta yi wanka tun da safe. Ta ciro baƙin zanenta na ƙasan akwati, ta sa kwalli, aka kifa mata turmi a ƙofar ɗaki ta zauna. Sai ta karkata kunci ɗaya ta ce, “Ɗauko nan gehe, ɗan nan. Nan na wanzami ya hi zurhwahwawa. Habibu ya san shi, da shi yake tsokanata muna ƙanana.” Karo na farko ke nan da aka ji sunan a bakinta tun rasuwar uwarsu. Wata daga matan gidan ta share ido da gefen mayafi.

Irin wannan lokacin ne ke kayar da ƙananan masu hoto, su tsaya sauraro. Manzo bai faɗa tarkon ba. Ya ce, “Gwaggo, bar magana, kina motsi.” Idonsa na kan gilashi, yana duba ko alamar megafiksal ɗari biyu ta kunna. Ya danna sau ɗaya. Na'urar ta yi ɗan tunaninta, ta ga layuka a fuskar tsohuwa, ta yanke hukuncin cewa lahani ne, ta yi musu abin da aka gina ta ta yi. Ga wata mata ta fito, jawur, kumatu sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya.

Mataki na takwas: Kada ka bar taubashiya ta ɓata maka rana

Sakina ta leƙo ta kafaɗarsa. Ta ƙura wa gilashin ido. Sannan ta ce, “Manzo, ina tsagar Inna?”

Ya yi dariya. “An hwara.”

“Wallahi ba wasa nike ba. Duba da kyau. Babu ko guda.”

“Ke mi kinka sani? Wanga shi na ake ce ma hoto mai tsabta. Ki koma ga zogalenki.”

Gwaggo ta karɓi portabul ɗin ta kai ta har bakin hanci, ba ta ga komai ba sai haske. Ta ce, “Na hito?” Manzo ya ce ta fito kamar amarya. Sakina ta zaro tata mai fasasshen gilashi, ta ce don Allah a bar ta ta ɗauki ko ɗaya a haɗa. Uwar ce da kanta ta tsawata mata: “Ke Sakina, ki bar wasan taubasai haka nan. Yau ba ranarshi ba ta.”

Lura da kyawun tsarin. Shekara talatin tana zolayarsa, ranar da ta faɗi gaskiya ba wanda ya iya bambancewa. Manzo ya hau moto zuwa Baleyara, aka wanke hoton, ya sa a ambulan ya liƙe da yawu, ya miƙa wa Alhaji Yahaya ana cikin loda raguna. Da yamma yana fada yana ba da labari, aka ba shi shayi na farko.

Mataki na tara: Idan sakamako ya zo, dubi gaba

Bayan mako biyar Alhaji Yahaya ya zo Tabla da kansa, ya sa aka kira Manzo. Ya zauna a tabarma, ya daɗe yana gaisuwa fiye da kima, sannan ya ajiye ambulan ɗin a gaban Albarka.

Ya ce ya ba Habibu hannu da hannu. Tsohon ya sa aka fitar da shi waje wurin haske. Ya kai hoton kusa, ya kai shi nesa, ya bi kuncin da yatsa a hankali, ya juya ya bi ɗayan. Sannan ya mayar da shi cikin ambulan ya ce, “Wagga ba ɗiyar gidanmu ba ta. Ku ce ma Albarka na ji. In ba ta yahe ba, haƙƙinta na, ni na jawo. Amma da ba ta aiko min hoton wata ba.” Alhaji ya ce ya yi rantsuwa har ya gaji cewa ita ce, amma Habibu bai yarda ba.

Sakina ta yi zumbur ta zaro portabul ɗinta. “Inna, juyo. Yanzu-yanzu. Alhaji, yaushe za ka koma?”

Alhaji ya sunkuyar da kai. “Aje ta, ɗiyata. Mun yi mishi sutura tun kahin in taso.”

Albarka ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta shafa kuncinta, layi bayan layi, kamar mai tabbatarwa suna nan. Sannan ta juya inda take jin numfashin Manzo ta ce, “Ina ka kai su, ɗan nan?”

Nan ne ake gane gwani. Ƙaramin mai hoto sai ya durƙusa ya fashe da kuka. Manzo kunya ta kama shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage, amma horon shekara huɗu bai bar shi ba. Ya buɗe baki ya ce ashe akwai wani wuri a portabul ɗin da ake kashe gyaran fuskar, kuma ya ji an ce kaftar ɗin baɗi ba zai riƙa yin haka ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin za a kira ka gwani, kuma za a kira ka, don har yau haka ake kiran Manzo a tasha. Sauran abin da ya biyo baya babu ruwansa. Ba ya karɓar ƙorafi daga taubashiyar da ta daina tsokanar mutum ta koma gaishe shi da ladabi kamar baƙo. Ba ya mayar da ambulan Kumasi, kuma ba shi da hanyar isar da saƙo inda Habibu yake. Idan kai ma, kamar Manzo, ka koma hawa moto kowace Jumma'a zuwa Tabla kana tsayawa a ƙofar ɗakin gwaggonka, kada ka zo ka ce ba a gaya maka ba. Za ta amsa maka sallama, don addini ya ce a amsa. Daga nan sai ta juya fuskarta bango har ka tafi.