Rasuwar Goggo Mubi, Kwamfutar Malam Hamajoɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi shi zafi, Malam Hamajoɗa Usaid na unguwar Adarawo a Yola yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta ofis, wadda aka fi sani da Goggo Mubi. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburinta, a reshen Jimeta na kamfanin taki da irin shuka da ta yi wa bauta tsawon rayuwarta. Ta manyanta, babu mai musu. Amma kashe ta aka yi, kuma an san wanda ya yi.

Marigayiyar ta fara aiki ne a reshen kamfanin na Mubi, a hannun Jemimah mai buga takardu, lokacin Malam Hamajoɗa yana akawun sito. A ƙarshen daminar 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, kowa ya gudu da abin da hannunsa ya kai. Shi kuwa ofis ya koma, ya cire akwatin kwamfutar daga wayoyinsa, ya naɗe shi da zanen matarsa, ya aza a ka. Matar, Zulaihatu, har yau in aka yi zancen sai ta tuna masa cewa kekenta na ɗinki yana tsakar gida ya wuce shi, ya ɗauko ƙarfen kamfani. Haka suka ratsa daji da duwatsu da ƙafa, yara a gaba, Goggo a kansa. A wani shingen sojoji aka saita masa bindiga, aka ce ya ajiye ƙunshin ya ja da baya. Ya durƙusa a rana, ya kwance murfin da tsinin wuƙar wani soja, ya nuna musu cikinta. Suka ga babu kome sai wayoyi da fanka, suka ce ya wuce.

Jemimah ta bi wani ayarin ne da ya nufi iyakar Kamaru. Daga ranar babu wanda ya sake jin ɗuriyarta.

Da suka iso Yola, reshen Jimeta ya ba shi kusurwar ɗaki da aron sikirin. Ya jona ta da wuta. Ta yi tarinta na kullum, ƙi-ƙi-ƙirrr, ta yi shiru, sannan ta ce tit. Sai ga hoton da Jemimah ta ɗora a fuskarta ya fito: ma'aikatan Mubi a ƙofar sito, ita a tsakiya ta kare rana da hannu tana dariya. Malam Hamajoɗa bai yi hawaye a daji ba, amma ranar sai da ya fita bayan ofis. Babu mai wannan hoto sai Goggo. Ya taɓa ɗaukarsa da waya, wayar ta bi ɓarawo a kasuwar Jimeta, kuma hedikwata ta riga ta toshe duk kafar da ake soka filashi a kwamfutocin kamfani.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Zafin Yola da ke sa sababbin kwamfutoci suma, ita sai dai ta ƙara wa fankarta murya ta ci gaba da aiki. Ba ta da gaggawa. In ka tambaye ta buhunan da suka rage a sito, sai ta yi gurnani irin na dattijo mai tuno sunan jika, amma abin da ta faɗa shi za ka tarar. Manoman Namtari da na Bako sun san ta, har wasunsu kan gaishe ta kafin su gaida manaja.

Ciwon ajalinta daga Abuja ya zo. Hedikwata ta shigo da sabon tsari, aka ce daga yanzu aikin kowa yana can cikin babbar na'urar Abuja, kwamfutar da ke gabanka taga ce kawai da za ka riƙa leƙa shi. Aka turo wata manhaja ta intanet, ta shiga kowace kwamfuta da kanta, babu sallama babu neman izini. Mai kula da wannan aiki wani ne da ake kira Marvelous, wanda bai taɓa taka Adamawa ba. Daga kujerarsa yake danna maɓalli guda, kwamfutocin dukkan rassa su kama sabunta kansu a lokaci ɗaya. Goggo ta ɗauki manhajar da ƙyar, kamar tsohuwar da aka ɗora wa buhun masara, amma ta ɗauka.

Abin da ya riƙe ranta wani ɗan maɓalli ne. Duk sanda sabuntawa ta zo, sai a tambaya: yanzu, ko sai an jima? Malam Hamajoɗa ya san ƙarfin tsohuwarsa, don haka shekara da shekaru yana danna sai an jima. An rubuto masa cewa ya miƙa ta a ba shi sabuwa, ya yi kunnen uwar shegu. An sake rubutowa da jan gargaɗi, ya ce bai gani ba. Da Marvelous ya gaji, sai ya cire maɓallin gaba ɗaya, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Larabar, ruwan shuka ya sauka, manoma sun yi layi har bakin titi. Ana tsakar fitar da rasit fuskar Goggo ta rikiɗe, rubutu ya fito cewa ana sabuntawa, kada a kashe. Malam Hamajoɗa ya nemi maɓallinsa sama da ƙasa, babu. Fanka ta ɗauki wani kuka da bai taɓa ji ba, wuuu, kamar mota a hawan dutse. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin Lawal mai gadi ya tada janareto, aikin gama ya gama. Ta yi ƙi-ƙi sau ɗaya, ba ta kai ga tit ba, ƙauri ya cika ɗakin.

A keke napep aka garzaya da ita wurin Rilwanu mai gyaran kwamfuta. Ya buɗe, ya saurara, ya gwada faifan ajiyarta a wata na'ura, sannan ya cire tabarau ya ce a yi haƙuri, babu abin da zai fito daga ciki. Manoma sun koma gida babu taki ranar da washegarinta, kuma takardar tuhuma da aka rubuta a kan haka sunan Malam Hamajoɗa ke samanta.

Malam Hamajoɗa ya kira Marvelous a waya, a gaban Virtue, abokiyar aikinsa a reshen Jimeta. Mutumin ya amsa yana tauna wani abu, ya ce sabuntawar ta yi nasara a ko'ina sai a kwamfuta ɗaya, har an yaba masa a taro. Da aka yi masa zancen hoto, ya ce ai dama ka'ida ta hana ajiye kayan kai a na'urar kamfani.

"Baba, kai ma ka huta," in ji shi. "Sabuwa za a kawo maka."

"Na gode," in ji Malam Hamajoɗa. "Allah ya haɗa fuskokinmu."

Virtue ta ce tun da take ba ta taɓa jin godiyar da ta sa tsikar jikinta tashi ba sai wannan.

Marigayiyar ta rasu ta bar kibod ɗaya da harufansa suka goge, da maus mai ciwon gefen dama, da sitabilaiza, da abokin zamanta firinta wanda tun ranar yake cin takarda ba ya fitarwa. Wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai kama da sandar sabulu da hedikwata ta aiko a madadinta ba ta cikin magada. Ba ta da fanka, ba ta da murya, kuma tambarin kamfani ne a fuskarta.

Masu zuwa ta'aziyya su sani cewa mai makoki bai yafe ba, kada kowa ya ɓata yawunsa. Fatansa ga Marvelous shi ne wayarsa ta kama sabunta kanta ranar da ya ɓace hanya a garin da bai san kowa ba. Motarsa ta ce masa kada a kashe, a tsakiyar gada, mai ya kusa ƙarewa. Ranar da zai nuna wa manyansa aikin da yake taƙama da shi, a ɗauke wuta yana rabi. In ya tsufa, wani yaro da bai taɓa ganinsa ba ya yanke masa hukunci daga nesa yana cin gyaɗa, shi kuma ya nemi inda zai danna sai an jima, ya rasa.

Game da jana'iza, hedikwata ta ce a aika gawar Abuja a haɗa ta da tarkace. An amsa musu cewa duk mai so ya zo Adarawo ya ɗauka da hannunsa. Rilwanu zai yi mata wanka da buroshi da iska gobe da safe a shagonsa, daga nan a ɗauko ta zuwa gida, a ajiye ta a saman kabad ɗin falo. Limamin unguwa ya ce babu salla a kan ƙarfe, amma zai zo ya sha shayi. Za a yi zaman makoki a ƙofar gida bayan la'asar, kuma ana roƙon kowa ya kashe data kafin ya hau tabarma.

Sadakar arba'in ta faɗo daidai da ranar da Marvelous zai sauka Yola don koya wa ma'aikata sabon tsari. Malam Hamajoɗa ya roƙi manaja alfarmar ya bar shi ya je filin jirgi ya tarbo baƙon da kansa, ya kuma kula da masaukinsa da abincinsa har ya tafi. Manaja ya amince.