Yunwar da Tijjani Ya Ɗauko Daga Bombai

"...ina gajiya? Ko da yake gawayi ba ya gajiya, ƙonewa yake yi."

"Lafiya lau, baiwar gidanmu. Ashe har yanzu ba a samu mai sayenki ba?"

Haka Sa'adatu ta tare Tijjani a bakin lungunsu na unguwar Misfala da hantsi, a tsakiyar watan Muharram, 'yan shekaru bayan yaƙin Hitila. Taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya. Tun suna yara a hanyar Sudan kowannensu ke cewa ɗayan ne bawansa, har ga shi furfura ta soma leƙo su a Makka ba a raba gardamar ba. Ita waina take toyawa alhazai. Shi kuwa gawayi yake zubawa a wutar injin jirgin ruwan da ke mayar da alhazan Indiya daga Jidda zuwa Bombai.

Ba kewarsa ce ta zaunar da ita a ƙofa tun safe ba. Yayarsa Rumasa'u, wadda ta goye shi bayan uwarsu ta rasu a hanya, ta cika yana kan ruwa. Dattawan unguwa suka ce matafiyi ba a gaya masa mutuwa da yunwa a cikinsa, a tsayar da shi ya ci tukuna. Suka ɗora wa Sa'adatu, wai ita ce ta saba gaya masa abin da ba ya son ji. Dattawa kuwa sun iya raba aikin da ba za su yi da kansu ba.

Abin da ya ƙara wa aikin nauyi shi ne tsakanin Tijjani da yayarsa ba daɗi. Ranar da ya kama aikin jirgi ta ce masa in ya hau ruwa kada ya sake cin tuwonta. Ita tsoro ya sa ta faɗa, shi taurin kai ya sa ya riƙe. Shekaru ke nan in ya shigo Makka a gidan Sa'adatu yake ci, gidan Rumasa'u na ƙarshen lungu sai gaisuwa a tsaye.

Ta ja shi cikin rumfa, ta ba shi ruwa, ta dire masa kwanon tuwo a rufe. Ya sha ruwan, ya ture kwanon gefe, ya hau kwance kaya.

"Ina tukunyar tagullar da na aike ka?"

"Na tashi saye na tarar mutanen Bombai sun kwashe. Rana guda suke da ita, kowane gida sai ya sayi sabon kwano ko tukunya. Ga abin da ya dace da ke."

Ya ajiye mata wasu 'yan kasake na yumɓu, kowanne bai cika tafin hannu ba.

"Wannan fa? Kaji zan shayar?"

"Fitilu ne, 'yar ƙauye. A zuba mai, a murza auduga a sa."

"Na aiki bawa tagulla ya kawo min laka. Laifina ne, wanda ya aiki biri kasuwa ai gyaɗa zai gani. Ci tuwonka."

Bai ko dubi tuwon ba. Ya gyara zama ya ce jirginsu ya sauka Bombai daidai bikin da mabiya addinin Hindu ke kira Diwali. Kafin ranar, kowa ya share gidansa, ya shafe shi da farar ƙasa, an fitar da duk wani fasasshen abu da ke ɓoye a ƙuryar ɗaki.

"Da nan ne da ke za a fara," in ji shi.

"Da kai dai. Ni an shafa min farar ƙasa zan yi kyau, kai ko buhu goma aka juye maka sai dai a yi asara."

Ya ce matan garin sukan yi zane a ƙofar gida da gari mai launi-launi, kamar ƙunshi a ƙafar amarya. In magariba ta yi a jera 'yan fitilun nan a kan katanga, da taga, da bakin rijiya, har garken shanu. Ga wasan wuta yara na ta fasawa, ga alawa ana kai wa maƙwabta faranti-faranti. Ƙofofi kuma a buɗe ake barinsu, wai arziki ya samu hanyar shiga.

"Arziki ko ɓarawo?"

"Ɓarawon ma yana gidansu yana kunna tasa. Wallahi daga kan jirgi na hango garin, na ɗauka taurari ne suka sauko kiwo."

"Ƙaryarka ta girma, Tijjani. Da can rarrafe take yi, yanzu har jirgi take hawa."

"Gani ya kori ji. Ke ina kika taɓa zuwa in ba Arfa ba?"

"Inda nake zuwa masu fitilun naka ko hango shi ba za su yi ba. Faɗa min gaskiya, ka durƙusa wa gunki?"

"A'uzu billahi. Addininsu nasu, nawa nawa. Alawarsu dai na ci, ita ba ta da alƙibla."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, ta tuna, ta haɗiye. Ta tura kwanon gabansa da yatsa. Ya mayar da shi inda yake, ya ci gaba. Ya ce ya tambayi abokin aikinsa, wani Naran, dalilin fitilun. Naran ya ce a labarinsu wani ɗan sarki ne aka kora daji, ya yi shekaru, ya dawo a daren da babu wata, sai mutanen gari suka kunna masa wuta don kada ya ɓace hanyar gida.

"Kai ko an kunna maka Makka gaba ɗaya ba ka ganin hanya," in ji Sa'adatu. Ta faɗa da wasa, amma maganar ta fito da kaifin da ba ta nufa ba.

Tijjani ya juya kan kayansa. Ya jawo wani ƙunshi daga ƙasan kaya, ya buɗe gefensa. Zane ne kore mai bakin zinariya, irin wanda ba a gani a kasuwar Misfala.

"Tayyib, madalla, wannan ya biya tukunyar," ta ce, ta miƙa hannu.

"Sauke hannunki. Wannan na 'ya'ya ne, ba na bayi ba. Na Yaya ne."

Sa'adatu ta janye hannunta. Ta shiga gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi.

Shi kuwa baki ya buɗe. Ya ce ranar ƙarshe ta bikin ita ce ta tsaya masa a rai. A ranar kowane namiji, komai girmansa, komai nisa, sai ya je gidan 'yar'uwarsa ya ci abinci daga hannunta. Naran ya ja shi suka je gidan yayarsa, wata tsohuwa mai haƙori biyu. Ta zaunar da Naran, ƙato mai jikoki, ta ɗiga masa jan abu a goshi, ta zagaya fuskarsa da fitila a faranti tana roƙa masa tsawon rai, sannan ta sa masa loma a baki kamar ɗan yaye. Shi kuma ya ba ta zane.

"Kai ma an ɗiga maka?"

"Na ƙi. Ta yi dariya ta ƙara min shinkafa. Sai ta ce Naran ya tambaye ni, ni ba ni da 'yar'uwa ne nake yawo gidan mutane a irin wannan rana? Na ce ina da ita. Ta ce yaushe rabona da cin abincinta."

"Ka ce me?"

"Na ce yaji ya shiga min ido."

Ya ɗan yi dariya shi kaɗai. Ya ce a tashar Bombai ya sayi zanen, kuma tun daga Jidda bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Yunwar nan, in ji shi, ta Rumasa'u ce, ya ɗauko mata ita tun daga bakin teku. Zai je ya zauna a tsakar gidanta, ta zage shi ta gaji, sannan ta zuba masa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, zumunta kuwa a ƙafa take.

"Halas, shi ke nan, na gama girman kai. Mai haƙori biyu ta koya min hankali."

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Sa'adatu ya cika har wuya. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don da ya yi wannan hankalin bara da yanzu ba ta zaune tana gadin kwano. Ta daure ta sake ɗaukar makamin da ta iya.

"Haka za ka je mata, ciki na kuka kamar kwaɗo? Ta ce ba na ciyar da bayina?"

"Sai dai ta ce ubangidanki ya gaji da jagwalgwalonki."

"Loma uku. In ka faɗi a lungu ba mai ɗaukarka, kowa na tsoron baƙi a rigarsa."

"Ko ɗaya."

"Kuka ce sabuwa, alhazan Kano suka kawo."

"Ko daga Aljanna aka kawo ta. Matsa min in wuce, kada hantsi ya ƙare ta sauke tukunya."

Ya miƙe, ya saɓa ƙunshin zanen a kafaɗa. Sa'adatu ta riga shi bakin rumfa ta tsaya. Ta laluba cikin kanta ko akwai sauran zagi, ta tarar duk sun gudu. Sai ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba, ta ɗauko kwanon da hannu biyu.

"Na yarda, ni ce baiwar. Kai ne ubangida, tun asali kai ne. Ka ci gardamar. Zauna ka ci tuwon nan, don Allah."

Tijjani ya buɗe baki zai yi dariyar da ya shekara arba'in yana tanadi. Ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya. Ya dubi ƙarshen lungu, ya sake dubanta. A hankali ya sauke ƙunshin, ya zauna a inda ya tashi.

"Yaushe?"

"Jirginku bai daɗe da tashi ba. Zazzaɓi ne. A Harami aka sallace ta."

Ya yi salati, ya maimaita, ya yi mata addu'a. Sa'adatu ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta buɗe kwanon. Ya jawo shi gabansa. Ya yanki loma ya kai baki, ya daɗe yana juya ta.

"Ba haka miyarki take ba," ya ce. "Gishiri ya yi yawa."

"Haka take. Yau ka fara cin tawa. Wadda ka saba ci a nan, in ta ji ka sauka Jidda take ɗorawa, ta aiko min ta ƙofar baya. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba."

Ya zauna hannunsa cikin kwano, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Can ya sa ɗaya hannun ya tura mata ƙunshin zanen har ya taɓa gwiwarta.

"Tashi daga durƙuson nan, Sa'adatu," ya ce. "Ƙaro min miyar."