Ranar da Na Ƙaryata Ma'aunin Zafi

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Tsafe, sai masu duba makarantu suka zo daga Gusau. Ƙarin girmana yana hannunsu, don haka na ƙudura sai na burge su.

Na zuba ruwa a kofin jan ƙarfe, na tsoma ma'aunin zafi, na ɗebo wani farin gari daga wata kwalba na zuba a ciki, na ce, "Wannan farin gishiri zuƙe zafi yake yi. Yanzu ruwan zai yi sanyi kamar na randa." Ko rubutun kwalbar ban duba ba, wai ni gwani. Ashe sodar yin sabulu na kamfata.

Ma'auni ya yi ta hawa. Hajiya, shugabar baƙin, ta ce, "Malam, kamar sama yake yi fa."

Na ce, "Ya lalace ne, Hajiya. Bari in taɓa ki gani."

Na damƙi kofin. Ban san sa'ad da na kurma "Wayyo Inna!" ba, da furfurata da komai. Ɗalibai suka kife da dariya. Hajiya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Har yau ko kasuwar Bilbis na shiga, sai wani magidanci ya rusuna ya ce, "Barka da hantsi, Malam Wayyo Inna."