Ranar da Motona Ta Yi Yoyon Man Gyaɗa

Ni da na shekara goma kan moto, wato babur, wa zai koya mini ciwonta? Da na ga mai yana ɗiga ƙarƙashinta, nan take na yanke hukunci: inji ya tsage. Kullum in na ɗauko wa maiɗakina Hajiya kayan ƙosai daga kasuwar Sankaryare, sai in ƙara wa injin mai, na mota ma, don ya fi kauri. Kwana biyar, ambarayaj, wato kuloci, ya soma zamewa, moto tana ruri kamar zaki tana tafiyar kunkuru.

Na tura ta garejin Baba Isufu, tsohon bakaniken Zango, na ce a farke injin yau.

Bai ko ɗauki sifana ba. Ya dangwali man da yatsa, ya sansana, ya lasa.

"Alhaji, injinka lafiya lau. Jarkar man gyaɗar Hajiya ce ta huje. Ambarayaj kuwa, kai ka shaƙe shi da mai."

Wallahi hancin tsohon nan ya fi idona biyu.

Har yau in na wuce garejin, sai ya ɗaga murya: "Injiniya, ƙosai za mu soya ko bidanj za mu yi, mu canza man inji?"