Jar Ƙwaya a Ƙarƙashin Sirdin Keke

Ba zan taɓa mantawa da ranar tseren keken garinmu ba, kuma ko ni na yarda in manta, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau idan aka taru da Sallah sai wani ya ce, "A yi a hankali fa, ga Mujiya nan tana kallo."

Mujiya ni ce. Yaya Nasiru ne ya laƙa mini sunan, wai ba na magana sai zare ido. Kuma gaskiyarsa ce. Lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, shekarun da wayar hannu ta fara leƙowa ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ko da na san amsa. Amma tambaye ni maɓalli nawa ya ɓalle a rigar malamin lissafi, ko wace ce ta aro takalmin yayarta ta zo da shi, zan gaya maka. (To, ba zan gaya maka ba. Amma na sani.)

Duk shekara, idan ɗibar tumatir ta ƙare, motocin Kudu suka daina zuwa, ƙungiyar manoman rani takan haɗa wa samari tseren keke a hanyar da ta bi bakin babban kanal na ruwan noman rani, daga gadarmu zuwa gadar gaba a dawo. A shekarar nan kyautar sabon keke ce fil, ledarsa ma ba a cire ba. Mu keke ɗaya ne a gidanmu, na Baba, kuma na zuwa gona ne. Shi ne Yaya Nasiru ya ara don tseren. Ya ce da ni, "Mujiya, yi mini addu'a. In na ci, kullum ni zan goya ki zuwa makaranta." Tafiyar makarantarmu kuwa doguwa ce, in ba ka yi sammako ba sai ka tarar an kulle ƙofa. Tun daga ranar na fara jin kaina a kan kariyar sabon keken nan, wato mazaunin baya, iska tana kaɗa mini hijabi.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don kada a ɗauke ni waliyyiya. A lokacin ɗiba, samarin da suke sungumar kwanduna tun safe har mota ta cika, da yawansu wata 'yar jar ƙwaya suke haɗiya, wai tana hana jin gajiya. Kowa ya san da zancen, ba wanda yake faɗa. Ni kuma na daɗe da lura cewa duk lokacin da Yaya zai fita da keken Baba, sai ya durƙusa kamar mai duba taya, hannunsa kuma ya shige ƙarƙashin sirdi. Rannan na leƙa. Wata 'yar baƙar leda ce ɗaure a jikin waya, da jajayen ƙwayoyi a ciki. Na mayar yadda na same ta, na ja bakina na yi gum. Ko da safiyar tseren ma na gan shi ya kora guda biyu da koko. Sai na juya na ci gaba da wanke-wankena.

A filin tsere an kafa rumfa, an jera kujeru. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗanlami, ya miƙe ya ja kunne. Ya ce bara wani ɗan tsere ya yanke jiki ya faɗi a bakin kanal, da ƙyar aka ceto shi, saboda haka bana duk wanda aka samu ya sha wani abu, ko shi ya zo na ɗaya ba shi ba keke. Samari duka suka amsa, "Mun yarda, Alhaji." Har da Yayana, da babbar murya ma.

Mu 'yan makaranta mata aka ba mu aikin rabon ruwan leda. Ina ɗauke da bokitina na zagaya bayan tulin tsofaffin kwanduna, sai ga Iliya, wanda ake wa laƙabi da Guguwa, shi ne kowa yake tsoro a tseren. Ya zare robar hannun kekensa, ya karkata keken, ƙwayoyi biyu ja suka faɗo masa a tafi. Ya jefa baki. Ya juyo ya gan ni, ko ɗar bai yi ba. Ya ɗauki ruwa ɗaya a bokitina ya kora, har da cewa, "Na gode, Mujiya." Wato da ruwana ma ya sha.

Aka busa usur, aka tafi. Ba zan ja ku da nisa ba. Iliya ya shigo na ɗaya, Yaya Nasiru na biyu, tsakaninsu bai fi faɗin taya ba. Can a baya sai ga na uku, Malam Buba, wani Bafulatani mai furfura a gemu da yake kawo nono kasuwa a keke. Ya shiga tseren ne kawai don abokan wasansa sun tsokane shi, ya iso yana dariya yana haki.

Na dubi sabon keken, na dubi Iliya yana shafa ledarsa. Sai na ji dole in tona shi. A raina na ce kishin gaskiya ne. (Kariyar keke ce, jama'a. Ba wata gaskiya.) Na lallaɓa wajen Malama Hajara, malamar ajinmu, na raɗa mata abin da na gani. A zatona za ta je ta faɗa a asirce, ni kuma in koma bayan bokitina. Ina! Malama ta kama hannuna tsam, ta ja ni har tsakiyar rumfa.

"Alhaji, yarinyar nan tana da magana. Kuma ni shaida ce, ba ta ƙarya, don ba ta ma magana."

Idanun garin duka suka dawo kaina. Ga Baba can a layi na biyu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, na maimaita abin da na gani da wata murya kamar ta sauro.

Kawun Iliya ya taso. "Tsaya, Alhaji. Wannan 'yar wa ce?"

Aka ce, "'Yar Malam Hudu ce."

"Ƙanwar Nasiru ke nan, wanda ya zo na biyu? To ai magana ta ƙare. Kura ce ta zo ba da shaida a kan rabon nama."

Wuri ya kaure da dariya. Aka zare robar hannun keken Iliya, aka girgiza, ba komai. (Yo me za a samu? Abin yana cikinsa.) Shi kuma Iliya ya gyara tsayuwa ya ce, "Alhaji, ban musa ba, na sha magani. Kaina ne yake ciwo tun jiya, farasitamol na sha. Laifi ne?"

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, kin san bambancin ƙwaya da farasitamol?"

Wata mata daga baya ta ce, "Ina za ta sani? Hassada ce kawai, ku ƙyale ta."

Da maƙaryaciya kawai aka ce da ni, da na haɗiye na yi kukana. Amma a ce ban iya kallo ba? Ni? Abu ɗaya tak da nake taƙama da shi a duniya? Ban san sanda na ɗago kai ba, muryar da ban taɓa sanin ina da ita ba ta fito.

"Na sani mana! Farasitamol fari ne, babba. Wannan ja ce, 'yar ƙarama, da tsaga a tsakiya. Irin ta Yaya Nasiru ce sak, wadda yake ɓoyewa a ƙarƙashin sirdin keken Baba!"

Kun san shirun da ake yi idan liman ya yi mantuwa a sallah? To, irinsa. Har ƙarar ruwan kanal na ji. Na toshe bakina da hijabi, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ba wanda ya ƙara cewa hassada ce. Kawun Iliya da kansa ya je ya laluba sirdin, ya zaro baƙar ledar, ya ɗaga ta sama kamar ya kama kifi. "To ga shi! Ashe ɗan uwanta ne ɗan ƙwaya!"

Yaya Nasiru ya yi wuri-wuri da ido, ya nuna Iliya. "Ai tare muka saya! Shi ne ma ya kai ni wajen mai sayarwar!"

Iliya ya harzuƙa. "Kai da ka ce in ƙaro maka biyu saboda yau?"

Shi ke nan, suka gama wa Alhaji aikinsa. Aka kira Malam Buba, wanda yake can gefe yana kurɓar fura, aka danƙa masa sabon keke. Ya riƙa juya shi yana cewa, "Ni? Ni da na zo na uku?"

A hanyar gida Baba bai hau kekensa ba, turawa ya yi. Yaya yana can gaba shi kaɗai, ni ina baya da bokiti. Ina jiran Baba ya ce na kunyata gida, ko kuma, a can ƙasan raina, ya ce na kyauta. Sai da muka wuce gonar albasarmu sannan ya tsaya.

"Tun yaushe kika san da ledar nan?"

"Tun farkon ɗiba, Baba."

"Tun farkon ɗiba." Ya jinjina kai. "Ɗan uwanki yana zuba wa cikinsa guba a gabanki, kin yi shiru. Sai yau da keke ya shigo maganar bakinki ya buɗe?"

Ya ci gaba da tura kekensa. Wallahi dariyar da aka yi mini a rumfa ba ta kai rabin wannan tambayar zafi ba.

Yaya ya yi kusan wata ba ya amsa gaisuwata. Ƙwayar dai ya daina, don Baba ya riƙa laluba sirdi kowace safiya. Ni kuwa da ƙafata na gama makarantar. Kusan kullum sai Malam Buba ya wuce ni a bakin kanal da jarkokin nono ɗaure a kariyar da na yi wa kaina tanadi, ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Mai gaskiya, ina kwana?" Ni kuma in ji kamar in nutse a ruwan.

Abin da na koya shi ne, in kana da rabo a magana, ba mai yarda da shaidarka sai ta fara ƙona rumbunku. Kuma in za ka tona abin da ke hannun keken wani, ka fara faɗar abin da ke ƙarƙashin sirdin naku, tun ba a kafa rumfa ba.