Bakina Bai Yi Kwas Ba

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Kwatarkwashi ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau idan motarmu ta wuce ta gefen duwatsun garin sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in kama gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Gusau, haifaffiyar Tsafe, kowa Sista yake ce mini. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ni mace ce mai jiki (kujerun robar sashenmu sun san ni, akwai wadda aka ware mini). A gidanmu ƙiba abin alfahari ce. Idan ɗiya ta zo ganin gida, kafin Innarmu ta amsa sallamarta ta riga ta duba wuya da kumatu. In ta ce "kin yi ƙiba", to ta yaba miki, ta yaba wa mijinki, ta yi wa Allah godiya, duk a numfashi ɗaya. In kuwa ta ce "kin rame", tambaya ce take yi: wa ya taɓa ki? Da wannan bakin aka raine ni, da shi nake gaida mutane tun ina yarinya.

Wata rana likitan sashenmu ya turo mana wani kwas na intanet a waya, kan larurar da ke sa mutum ya ƙi cin abinci saboda tsoron ƙiba, ko ya ci ya je ya amayar a ɓoye. A da irin wannan horon sai an kwashe mu an kai Kaduna ko Kano, a sha shayi a ci nama, amma yadda hanya ta zama yanzu babu mai marmarin tafiya. Da na karanta kan maganar sai da na yi tsaki. A Zamfara? Mu da muke fama da yara masu tamowa, mu da 'yan mata ke layi a kemis suna neman maganin ƙiba kafin biki? Na ce wannan ciwon ƙoshi ne, na mutanen da abinci ya yi wa yawa. Na yi rajista ne kawai don an ce akwai satifiket a ƙarshe.

Haka na riƙa yin karatun a gidana a Damba, a bakin ƙofar kicin, don nan ne kaɗai sabis ke tsayawa. Ina tuƙa tuwo, wata Baturiya tana bayani, sai hoton ya daskare bakinta a buɗe, ni ma in tsaya da muciya ina jiranta. Abincin da suke misali da shi rabi ban san shi ba. Kullum iyali ne a kan tebur, uba da uwa da 'ya'ya, kowa da farantinsa. Na yi ta dariya ni kaɗai, ina tunanin wa zai zaunar da maigidanmu cin tuwo da 'yan matan gida.

Dariyar ta tsaya ne ranar da aka nuna wata yarinya da ta warke tana ba da labarinta. Ta ce mutane sun ɗauka son kyau ne, alhali tsoro ne, tsoron da ke zaune a kanta kamar mai gadi yana ƙirga kowace loma. Da aka zo kan alamomin ciwon sai fuskoki suka fara dawo mini: 'yan matan da muka yi ta ba maganin olsa da na taifod, muka yi musu ƙarin ruwa, muka ce su je su riƙa cin wake. Ranar tuwona ya kama, ban ma ji ƙaurin ba.

Ba a daɗe ba aka kawo Sa'adatu. Ɗaliba ce a wata makarantar gaba da sakandare a nan Gusau, 'yar Kwatarkwashi, ta yanke jiki ta faɗi a aji. Mahaifiyarta, Inna Hajo, ita ta zo jinya. Duk gwajin da aka yi bai nuna komai ba.

"Ɗiyag ga ba ta da matsala, Sista, sai ibada," in ji Inna Hajo. "Litinin da Alhamis ba su wuce ta, har wasu ranakku takan ƙara."

Zumbulelen hijabi ya rufe ramar, azumi ya rufe yunwar, cin abinci a tire ɗaya kuma ya rufe sauran, don hannu yana zuwa yana dawowa, babu mai duba ko da loma ya dawo. Na roƙi Inna Hajo ta ba mu wuri, na yi wa yarinyar tambayoyin yadda aka koya mana, a hankali, ba faɗa, ba wa'azi. Ta juya ta kalli bango, sannan ta fara kuka marar sauti. Likita ya tabbatar da abin, ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ni kuma aka ba ni zama da ita da mahaifiyarta duk mako. Ya faɗa mana ƙarara cewa in ta ci gaba a haka zuciyarta na iya tsayawa.

To daga nan ne kaina ya fara girma. Na sa satifiket a firam, na rataye inda duk mai shigowa zai gani. Abin da kwas ɗin ya fi nanatawa shi ne kada a yi wa mai wannan larura maganar jikinta, ko da yabo ne, domin "kin murmure" a kunnenta "kin lalace" ne, kuma kalma ɗaya na iya rushe aikin watanni. Wannan darasi na riƙe shi kamar ni na ƙirƙiro shi. Na tara abokan aiki na yi musu lacca. Inna Hajo kuwa har da ɗaga mata yatsa (matar da a shekaru ta kusa ta haife ni).

"Inna, ko wa ya zo, kada a ce ta yi ƙiba, kada a ce ta rame. A tambaye ta karatu, a tambaye ta hanya, a bar jikinta."

"To Sista, mu da ba mu san wata gaisuwa ba, mi za mu ce?"

"Ku koya," na ce, ina jin kaina.

Ta kuwa koya. Ta ware wa Sa'adatu farantinta, duk da surutun da aka yi mata cewa ta mai da ɗiya baƙuwa a gidan ubanta, ta riƙa zama kusa da ita har ta gama. Da aka yi dogon hutu suka koma gida, muka ci gaba da magana ta waya, na daɗe ban sa ta a ido ba. Da bikin yayan Sa'adatu ya matso, Inna Hajo ta bi dangi gida-gida tana gargaɗi cewa Sista ta hana. Har wata Gwaggo Ige, yayar mijinta, wadda aka ce bakinta ba ya kwana da magana, sai da ta sa ta yi alkawari.

Ranar wuni na ci leshina, na shiga motar Kwatarkwashi, na isa bayan azahar da kular kyauta a hannu. Tsakar gida cike da mata, tabarmi ko'ina, ga shinkafa, ga waina, ga hoce a faifai. Ina jin ana raɗa, "Ita ce Sistar da tah hana." Na ƙara gyara tafiya.

Sai na hango ta. Tana zaune cikin ƙawayenta da farantinta a cinya, tana cin shinkafa a gaban mutane, abin da a baya ko a gaban mahaifiyarta sai an sha fama. Idanun da suka faɗa sun dawo, fuskar ta yi haske, tana ma dariya. Wani farin ciki ya taso mini tun daga ciki, irin wanda nakan ji idan jaririn da aka fid da rai ya yi kuka. Kuma kafin ilimina ya ɗaura ɗankwali, bakina ya riga ya fita waje.

"Masha Allah, Sa'a, ke ce haka? Kin yi ƙiba! Dubi kumatu, wallahi har wuya ya cika."

Muryata kuwa ta asibiti ce, wadda ake ji daga wannan ƙarshen ɗaki zuwa wancan. Gidan ya yi tsit. Ina tsaye da kula a hannu, ina jin maganar tana dawo mini kalma bayan kalma, da muryar Innarmu sak.

Gwaggo Ige ce ta fara farfaɗowa. Ta sauke ajiyar zuciya kamar wadda aka kwance wa ɗauri.

"To alhamdu lillahi, tunda Sista ta buɗe. Mu ma mun gani tun jiya, hana mu anka yi. Ku dubi damtsen ɗiyag ga."

Shi ke nan, kowa ta saki abin da ta ƙunsa. Wannan ta ce ta biyo dangin uba, waccan ta ce saura kaɗan ta kamo Sista. Inna Hajo kallona kawai ta yi, kuma na gwammace a ce zagina ta yi. Sa'adatu ta ajiye cokali a hankali, ta ɗauki faifai ta rufe farantin, ta ja hijabinta har ya rufe yatsun hannunta, ta tashi ta shige ɗaki.

Na bi ta. A kwas ɗin akwai wani sashe kan abin da ma'aikaci zai yi idan shi ne ya yi kuskure, amma na tsallake shi, saboda data ta kusa ƙarewa, kuma a ganina sashen wasu ne. Don haka na zauna a bakin gado ba ni da komai sai kunya.

"Sa'a, na yi kuskure. Abin da na hana kowa shi na yi. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube ni. Da ta yi magana kuma a hankali ta yi.

"Sista, ashe ke ma abin da kike kallo ke nan?"

Na so in ce farin ciki ne, na so in ce haka muke gaisuwa, amma duk ta sani, kuma sanin bai hana abin ya soke ta ba. Ranar ba ta sake cin komai ba. Ni ma haka, kuma a tarihina wannan ne karon farko da na bar gidan biki da yunwa.

Ranar maganarmu ta waya ta zo Sa'adatu ba ta neme ni ba, ta gaba ma haka. In na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Inna Hajo ta ce azumin ya dawo. Tsoro ya kama ni sosai, don na san inda hanyar nan take kaiwa, kuma na san bakin da ya tura ta. Da ƙafata na je na faɗa wa likita. Ya cire tabarau ya murza ido, bai yi mini faɗa ba, ya ce in ci gaba da kiran uwar, kada in matsa wa ɗiyar. Na sayi data na koma na kalli sashen da na tsallake, har da maimaici. Na kuma rubuta abin da ya faru a zauren tattaunawar kwas ɗin, ina jiran a yi mini dariya. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya daga wata ƙasar Afirka ta amsa cewa su ma gaisuwarsu ke nan, kuma ta rasa yadda za ta yi da kakannin marasa lafiyarta. Bidiyon bai san da irinmu ba.

Sa'adatu ta dawo da kanta, bayan an koma makaranta. Ta zabge, kuma na gani, amma wannan karon na danne harshena da haƙori na tambaye ta jarabawa. Ta zauna tana wasa da bakin hijabi.

"Na yi tunani, Sista. Gwaggo Ige ba za ta daina ba. Duk Sallah sai na je gida, duk suna sai an faɗa. Ba za ki iya rufe bakin gari ba, tunda naki ma bai rufu ba."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce.

"Ki koya mini yadda zan ji maganar in ci gaba da cin abincina."

Muka kai wa likitan ƙwaƙwalwa shawarar, ya amince, da sharaɗin a bi a sannu, kuma duk sanda ta ce a tsaya a tsaya. Haka muka fara. Takan zo da ɗan abincinta, ni kuma in ɗaura ɗankwali a karkace in zama Gwaggo Ige. In tafa hannu in ce ta yi ƙiba, ita kuma ta ja numfashi, ta ce, "Lafiya ce ta samu, Gwaggo," ta kai loma. Da farko kuka take yi mu tsaya. Daga baya ta riƙa kai lomar ba kuka. Wata rana har ta gyara mini, ta ce Gwaggo ba ta cewa kumatu sai ta ja su. Abokan aikina da ke jiyo mu ta taga sun ce duk asibitin babu wanda ya taɓa dacewa da aikinsa kamar yadda na dace da wannan, kuma ban yi musu ba.

Washegarin Babbar Sallah Inna Hajo ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Sista, Ige ta hwaɗi. Gaban kowa ta hwaɗi, har da jan kumatu."

"To, sai me ya faru?"

"Ɗiyarki ba ta aje cokali ba."

Ban ce ta warke ba. Har yanzu tana zuwa, akwai makon da ke da daɗi, akwai wanda ba shi da shi. Satifiket ɗin yana nan a bango, sai dai na mayar da shi bayan ƙofa. Abin da na koya shi ne kaina ne ya yi kwas, bakina kuwa a Tsafe ya yi karatu, wurin Innarmu, kuma shi ya fi daɗewa a aji. Yanzu duk wadda na haɗu da ita sai in tambaye ta hanya, da yara, da ruwan sama, in tsaya nan.

Kwanan baya na je gida, na gaida Innarmu na zauna. Ta yi ta gyara zama tana miƙo mini damtse, na yi kamar ban gani ba. Da zan tafi ta ja ƙanwata gefe, ta ce a bincika ko fushi nake da ita, don tun da na shigo ban ce ta yi ƙiba ba.